Zuhal a Kudu, Wata a Arewa

Mai Kushin yana tsugune gaban wata doguwar kujera da ya kifar, bakinsa cike da ƙananan ƙusoshi, sai ga 'yarsa ta shigo shagon. Ba ta ko kaɗe ɓurɓushin soson da ke kan benci ba, ta zauna. Ta gaishe shi a gajarce, ta gaishe da baffanta, ƙanen uban, wanda ke bayan keken ɗinki yana haɗa rigar kushin. Sannan ta ciro waya ta ɗora a cinya kamar wadda ta zo da sammaci.

"Baba, na duba."

Ya tofar da ƙusoshin a tafin hannunsa. "Kin duba me, Uwata?"

Haka yake kiranta tun tana jaririya, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Yanzu mace ce mai 'ya'ya uku. Da safe tana aiki a ofishin wani kamfanin sufuri, da yamma kuma tana zana wa mata taswirar taurari a waya, ta gaya musu wanda za su aura da wanda za su guda. Ita ta yi jinyar uwarta har ta rasu, ita ta riƙe gidan bayan nan, kuma tun daga lokacin uban bai taɓa iya ce mata a'a ba. A makon da ya wuce ne ya tara 'ya'yansa ya gaya musu zai auri Malama, wata tsohuwar malamar firamare da mijinta ya rasu. Kowa ya yi murna. Uwata ce kaɗai ta ce za ta yi tunani.

"Na duba taurarinka da na Malama," in ji ta. "Awo iri biyu ne. Na farko yana nuna buruji, wato gidan da kowane tauraro yake ciki a sama ranar da aka haifi mutum. A wannan ba ku da matsala."

"To madalla," in ji Baffa, bai ko ɗago kai ba. "Tashi ki tafi, a gaishe da yara."

"Ban gama ba, Baffa. Akwai na biyu, wanda ragwayen masu duba ba sa kula da shi. Sunansa karkata. Baba, ka ɗauka sama tana da ɗamara a tsakiyarta. Kowane tauraro ko ya karkata arewa da ɗamarar nan ko kudu, ana auna nisansa da digiri. In naka da nata suna gefe ɗaya, nisa ɗaya, sun jeru ke nan, tafiyarku ɗaya. In kuwa nisa ɗaya ne amma wannan na arewa wancan na kudu, ja-in-ja ne har kabari." Ta miƙa masa wayar, wasu layukan lambobi ne a jere. "Ka ga watanka, arewa, digiri goma sha tara. Ka ga Zuhal ɗinta, kudu, goma sha tara. Wata shi ne zuciyar mutum. Zuhal kuwa sanyi ne da tsauri da takura. Matar nan za ta zauna maka a ƙirji kamar dutse."

Baffa ya tsayar da keken. "Zuhal ɗinta? Yaushe ta saya? A ina take ɗaure shi, bayan gida?"

"Baffa, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Ke da bakinki kika ce awon farko lafiya lau. Me ya kai ki na biyu? In shi ma ya fito lafiya, akwai na uku ko?"

Tambayar ta faɗa inda ya kamata. Ta duba na farko ba ta sami abin da take nema ba, shi ya sa ta gangara na biyu. Taurari goma nasa, goma nata, duk a matse cikin 'yar tazara guda: ko da wa aka haɗa mutum, ba za a rasa biyu da suka yi daidai ba. Wanda ya shiga neman aibu a irin wannan wuri ba ya fita hannu banza. Sai ta ɗaure fuska.

"To, ke masaniya," in ji Baffa, "na uwarki fa? Kin auna?"

Nan fuskarta ta saki, har da ɗan murmushi. Da ma tana jiran wannan. Ta shafa wayar ta juyo da ita.

"Tun tuni. Zahrar Mama da watan Baba, duka a arewa, digirinsu daidai. Zahra ita ce tauraruwar so. Tunda nake duba ban taɓa ganin jeri mai kyau irin nasu ba. Shi ya sa ba mu taɓa jin muryarsu a sama ba, ko sau ɗaya. Baba, irin wannan sau ɗaya ake samu. Bayan Mama kuma ka ɗauko dutse ka ɗora wa kanka?"

Baffa ya dubi yayansa. Mai Kushin ya sunkuyar da kai yana jujjuya ƙusoshin da ke hannunsa. 

"To, Uwata," in ji shi. "Bari mu ɗan dakata."

Tana fita Baffa ya miƙe, har kujerarsa ta faɗi.

"Mu ɗan dakata! Yaya, kai ne ka faɗi haka? Kai da ko hasashen ruwan sama na rediyo ba ka yarda da shi?"

"Ka rage murya."

"Ba zan rage ba! Rage muryar nan ita ta kawo mu nan. Ba su taɓa jin muryarku a sama ba, gaskiya ne, don ba kwa magana! Ni ne nake kai saƙo tsakaninku kuna gida ɗaya. Sau nawa ka kwana a kan soson nan, ka ce wa yara aiki ne ya yi yawa? Allah ya ji ƙanta, mace ce mai riƙon amana, amma ku biyun ko wuta da ruwa sun fi ku shiri. Wai jeri mai kyau! In wannan ne jeri, Allah ya raba ni da jeri."

"Matar nan tana kabari. So kake in tsaya gaban 'yarta in tone ta?"

"Wa ya ce ka tone ta? Ka ce: Uwata, na ji, na gode, aurena zan yi. Shi ke nan. Bakinka ciwo zai yi?"

"Ba ka ga yadda ta wahala da uwarta ba?"

"Na gani. Sai ka biya ta da rayuwarka?"

Mai Kushin ya mayar da ƙusoshin baki, ya ɗauki guduma. Shi a ransa tausayi yake yi. Ba tausayi ba ne, tsoro ne. Namiji ne mai furfura yana tsoron ɓacin ran 'yar da ya haifa, ya lulluɓe tsoron da sunan mamaciya don kada a gane shi.

Ita kuwa Malama ba ta san komai ba. Tana zaune ne a wani ɓangare na gidan yayanta, tsohon direban jirgin ƙasa, kuma Mai Kushin ya yi mata alkawarin zuwa ƙarshen makon nan ya gana da shi a tsayar da magana. Ranar ta zo, ya buga waya ya ce wani otal ya kawo masa kujeru masu yawa. Ta ce ba komai, aiki ya fi gaba. Makon da ya biyo ya ce bayansa ne ya riƙe. Ta aiko masa da man shafawa. Daga nan sai ya daina ɗaukar wayar. In ta yi ƙara a aljihunsa sai ya tsaya cak, almakashi a hannu, har ta gaji ta yi shiru. Baffa ya daina yi masa magana sai ta aiki. In zai miƙa masa yadi, jefa masa yake yi.

Wata rana da azahar Uwata ta kawo wa uban abinci a kula, tana zuba masa a kan teburin yanka, sai hasken ƙofa ya ragu. Malama ce tsaye, doguwa, da tabarau, jakarta a hammata. Ta yi sallama da muryar da ta saba tsayar da aji da ita. Ba ta zauna ba, ko da Baffa ya kaɗe mata benci.

"Malam," in ji ta, "na ga dai bayan ya warke."

"Malama, sannu da zuwa. Da ma ina ta so in..."

"Sau biyu yayana yana sa manyan kaya ya zauna a falo. Mutum ne mai ciwon ƙafa, saukowarsa daga bene aiki ne. Na biyun har shayin ya huce ya hana a kwashe, ya ce ƙila kana hanya. Ban zo roƙo ba. Na zo in ji dalili, don in san abin da zan gaya masa."

Mai Kushin ya dubi kular abinci, ya dubi bango.

"Gaya mata mana," in ji Baffa. "Ko in gaya mata? Malama, ba otal ba ne, ba baya ba ne. Zuhal ɗinki ne."

"Me nawa?"

"Zuhal. Tauraro. Wai naki yana kudu, watan Yaya yana arewa. Ga mai awon nan tsaye, ta yi miki bayani."

Uwata ta ajiye cokali. Ba ta ji kunya ba, ta gyara tsayuwa. "Malama, ba don na ƙi ki ba ne. Lissafi ne, ba ni na ƙirƙiro shi ba. Karkatar Zuhal ɗinki da ta watan Baba nisa ɗaya ce a gefe biyu. Zaman ba zai yi muku daɗi ba, ku duka. Gara a sani tun yanzu."

Malama ta cire tabarau, ta dube ta da kyau.

"A ina kika san inda taurari suke ranar da aka haife ni?"

Kafin Uwata ta buɗe baki, Malama ta gyaɗa kai.

"Au. Na tuna. Ranar da kika zo gidana da yaranki. Kika zauna a kan tabarmata, kika sha shayina, har da kirana Umma. Kika ce in gaya miki ranar haihuwata, kina so ki riƙa yi mini kyauta. Kika ce da safe ne ko da yamma, a wane gari. Ni kuma sakarya na yi ta ba ki labari, har da yadda uwata ta ce gari bai gama wayewa ba. Da kika tafi na gaya wa yayana Allah ya ba ni 'ya a tsufana." Ta gyara riƙon jakarta. "Ashe awona kika zo yi, kamar yadda ubanki ke auna kujera."

"Na yi ne don kare Baba."

"Rufe mini baki! Na koyar da yara shekara da shekaru, na san ƙarya in ta sa kayan salla... na san ta ko da wane kaya ta sa. Da kin zo kin ce mini, Malama, ba na son kowa a ɗakin uwata, da na rungume ki. Ni ma na binne uwa, na san zafin. Amma kin rasa ƙarfin halin faɗar abin da ke ranki, sai kika hau sama kika ɗauko dutsen da bai san da ke ba, bai san da ni ba, kika sa shi ya yi miki magana."

Ta juya ta bar ta, ta fuskanci Mai Kushin.

"Ita na gama da ita, yarinya ce. Kai nake tambaya, kuma ka dube ni. Ka yarda da abin nan?"

Ya ɗago kai da kyar. "Wallahi, Malama, ban yarda ba. Ko kaɗan. Shirme ne."

"Baba!" in ji Uwata.

Shi a zatonsa amsar za ta wanke shi. Malama ta yi baya kamar an mare ta.

"Ba ka yarda ba."

"Ban yarda ba."

"Ai da ka ce ka yarda, da na ce wawa ne, in ji tausayinka, wataƙila ma in zauna in koya maka hankali. Amma ka san shirme ne, kuma a kan shirmen ka bar tsoho zaune cikin manyan kaya yana kallon ƙofa. Ka san shirme ne ka yi mini ƙaryar ciwon baya, har na aiko da magani. Kana jin wayata tana kuka a aljihunka. To ni mece ce a wurinka, in shirme ya fi ni nauyi?"

"Ba haka ba ne. Yarinyar nan ta sha wahala, ina so ne in bi da ita a hankali..."

"Da kuɗin mutuncina kake lallashinta?" Ta mayar da tabarau. "To, ji nan. Ga mota can a bakin titi tana jirana. Yayana yana gida. Ka taso yanzu, a haka, da ɓurɓushin soso a gemunka, mu je ka gaya masa abin da ka yi alkawari. Ba na son ka canja riga. Yanzu."

Baffa ya riga ya ɗauko takalman yayansa daga ƙarƙashin tebur ya ajiye masa a gaba. "Sa, Yaya. Ni zan kula da shago. Sa mana!"

Mai Kushin ya zura ƙafa ɗaya. Sai Uwata ta ce, a hankali, "Baba."  Idanunta sun cika da hawaye, ta riƙe gefen teburin.

Ya tsaya, ƙafa ɗaya a takalmi, ɗaya a ƙasa. Ya dubi 'yar, ya dubi Malama.

"Malama, ki ba ni zuwa gobe. In zauna da ita tukuna, in fahimtar da ita. Gobe da safe, wallahi..."

"Allah ya ba da sa'ar aiki," in ji Malama.

Ta yi wa Baffa sallama shi kaɗai, ta fita. Suka ji an rufe ƙofar mota.

Baffa ya ɗauki ɗaya takalmin ya yi jifa da shi, ya daki tarin katakon da ke lungu. Ya fita waje yana huci, don kada ya faɗi abin da ba a faɗa wa yaya.

Uwata ta share ido da gefen mayafi. Ta ja numfashi, ta ci gaba da zuba abinci.

"Ka gani ko, Baba?" in ji ta. "Ka ga abin da na gaya maka? Ko kwana ɗaya ta kasa ba ka. Ka ji yadda take maka magana a gaban mutane, kamar ɗan aji ɗaya. Tsauri, sanyi, takura, ba abin da ya rage. Zuhal ke nan sak. Tun ba a ɗaura ba ma ke nan. Ka gode wa Allah da na duba karkatar nan, da awon farko kaɗai na bi da yanzu..."

Ya daki teburin da tafin hannu. Kular ta yi tsalle, murfin ya gangara ƙasa yana ƙara. Tunda aka haife ta ba ta taɓa jin irin muryar da ta fito daga bakinsa ba.

"Ke! Ke kika kunna wutar, yanzu kina nuna mini hayaƙi wai ga shaida? Mace ta zo da mutuncinta, kin yaudare ta a ɗakinta, ni na wulaƙanta ta, ta yi fushin da duk ɗan halak zai yi, kin ce tauraro ne? Da ta yi shiru ta haƙura, da kin ce me? Da kin ce sanyin Zuhal ne! Ba yadda za ta yi ta fita daga wayar nan taki. Mata nawa kika yi wa haka? Gidaje nawa?"

"Baba, ni fa don kai..."

"Don kanki! Ɗauki abincinki. Kada ki sake auna ni, kada ki sake auna kowa da sunana. Fita mini daga shago."

Ta tsaya tana kallonsa baki buɗe. Da ta ga ba zai janye ba, ta ɗauki jakarta ta fita da kuka, ta bar kular a nan.

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Amma gaskiyar nan tana bakinsa tun ranar farko, kuma da ya faɗe ta a lokacin cikin taushi, da ba wanda ya yi kuka. Ya ajiye ta sai da ta daina amfani, sannan ya fito da ita da ihu.

Ya lalubo takalmin a bayan katako, ya tari mota, bai canja riga ba. Gidan bene ne mai shuɗin ƙofa a ƙarshen wani layi. Ya ƙwanƙwasa. Aka daɗe kafin ya ji ana saukowa, taki ɗaya da ƙarar sanda, taki ɗaya da ƙarar sanda. Tsoho ya buɗe, cikin singileti da zanen barci, ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai ne mai gyaran kujerun?"

"Ni ne, Yaya. Na zo ne a kan maganar..."

"Ni ba yayanka ba ne." Tsohon ya jingina da sandarsa yana haki. "Tana ciki. Ta ce in ka zo in gaya maka ta yafe, kuma kada ka dawo. Ni kuma nawa saƙon daban ne, ni ban yafe ba. Ƙanwata ba ta yi kuka a gabana ba tun ranar da aka fita da mijinta, sai yau."

"Don Allah, ko minti ɗaya a bar ni in gan ta."

"Ka sa na sauko bene sau uku ke nan," in ji tsohon. "Matsa da ƙafarka, zan rufe."